Waɗanda Ba Su Dawo Awo Ba

Ma'auni, manhajar ƙididdiga mai magana, ya tashi da ɗan gurnani irin na tsohuwar fanka. Hasken ɗakin ya dushe, sai ɗigo-ɗigo dubu da ɗari biyu suka taso daga kan teburin gilashi suka tsaya cak a iska, rabinsu kore, rabinsu ja. Dakta Marka Zubairu ta miƙa hannu za ta taɓa ɗaya, duk suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki.

"Ba haka ake yi ba, Dakta," in ji Nafi'u Tsafe, masanin ƙididdigar da Cibiyar Binciken Lafiya ta ba ta don ya koya mata. "Da yatsa biyu, a hankali. Kuma ki fara gaya masa abin da kike son gani."

"Abin da nake son gani shi ne ko maganina yana aiki. Shi ke nan."

"Aiki a kan me?" Ma'auni ya tambaya da muryarsa mai laushi, wadda ba ta mace ba ba ta namiji ba. "A jikin su wa? Idan aka kwatanta da su wa?"

Marka ta ja tsaki, ta jefa kanumfari a baki, ta miƙe ta zagaya teburin ta dawo. Shekararta hamsin da huɗu, fiye da ashirin daga ciki ta yi su a sashen masu ciwon ƙoda. Da ganin idon mutum da kumburin ƙafarsa takan san inda cutar ta kai. Amma lissafi ba nata ba ne. A da, in ta gama bincike sai ta tura bayanan ofishin ƙididdiga, su dafa su kawo mata. Yanzu Majalisar Lafiya ta kafa doka: duk likitan da ya yi bincike, shi zai zauna gaban manhajar da kansa, kuma kowace shawara aka yanke a kan bayanan sai ya ɗora babban yatsansa. Ma'auni yana lissafi, yana zane, yana bayani, amma ba ya zaɓa wa mutum.

Birnin Sabuwar Maje yana zaune ne ƙarƙashin Babbar Rumfa, wani makeken rufi mai tace zafin rana wanda ya lulluɓe unguwanni da kasuwanni da makarantu. A cikin Rumfa yara na wasan ƙwallo da tsakar rana. A wajenta kuwa, ƙarfe kan ƙona hannu tun da hantsi. Wutar da ke sanyaya birnin daga gonakin rana take zuwa, filayen faifan lantarki da ido ba ya ganin ƙarshensu. Na'urori ke wanke saman faifan, amma wayoyin da ke ƙarƙashi sai hannun mutum, domin duk mutum-mutumin da aka tura can ba ya jimawa gaɓoɓinsa suke narkewa. Mutum dubu arba'in ke wannan aiki. Su ne suke cika gadajen Marka da cutar da ake kira ƙodar rana: zufa ta ƙafe, jini ya yi kauri, ƙoda ta gaji ta tsaya.

Shekara shida ta yi tana haɗa ƙwayar da ta sa wa suna Sanyaya. Korayen ɗigon su ne ma'aikatan da aka ba Sanyaya. Jajayen kuma an ba su ƙwayar wofi mai kama da ita, ba tare da su ko masu ba su sun san wace ce wace ba.

Makonnin farko sun yi mata wuya. Nafi'u sa'an ɗanta na fari ne, ga shi yana cewa ta sake, ta sake. Takan kira shi "Malam Nafi'u" da wata irin murya da ke sa shi sunkuyar da kai yana murmushi.

"Matsakaici ya nuna koren sun fi," ta ce wata rana tana buga ƙafa a ƙasa. "Me kuma ake jira?"

"Ranki ya daɗe, a ce mutum goma suna ɗaki, an kawo tuwo malmala goma, mutum ɗaya ya cinye duka. Matsakaici zai ce kowa ya ci malmala ɗaya. Ki tambayi sauran taran ki ji."

Ta yi dariya ba da niyya ba. Daga ranar ta fara sauraro. Ta koyi jan ɗigon da yatsa biyu ta jera su bisa shekaru, ko bisa gonar da mutum yake aiki. Ta koyi cewa lamba ɗaya ba ta isa ba sai an ga faɗin tazarar da ke kewaye da ita. Ta koyi abin da Nafi'u ke kira lambar dace, wadda ke nuna yadda irin wannan bambanci zai iya fitowa ko da maganin bai yi komai ba. Har ta fara jin daɗin abin. Takan iso kafin kowa, ta ce, "Ma'auni, raba min su gida uku," ta tsaya tana kallon mutane dubu suna gudu a iska suna neman wurin tsayawa.

Sai ranar da suka kai ga awon ƙarshe na wata na tara. Ma'auni ya jera ɗigon, amma wasu suka koma gefe guda, suka zama fanko, zobe kawai ba ciki, launinsu ya ɓace.

"Mutum ɗari da tamanin da shida ba su dawo awon ƙarshe ba," in ji shi. "Ina jiran shawararki."

"Ina suka tafi?"

"Ba a ba ni wannan bayani ba."

Nafi'u ya jawo kujera. "Hanya uku ce, Dakta. Ko ki zubar da su ki yi da waɗanda suka rage. Ko ki tura a nemo su ɗaya bayan ɗaya, wannan zai ci watanni. Ko kuma ki ce ya cike gurbinsu. Zai duba masu kama da su a shekaru da nauyi da awon farko, ya ƙiyasta abin da nasu awon zai kasance."

"To ai wannan ya yi."

"Ya yi, idan dalilin rashin zuwansu bai shafi lafiyarsu ba. Wanda ya koma garinsu, ko ya sauya aiki. Amma idan ciwo ne ya hana su zuwa, to kin ɗauki awon masu lafiya kin manna wa marasa lafiya. Akwai darasi guda a kan wannan, ba mu kai gare shi ba tukuna."

Ba su kai gare shi ba kuwa. A makon aka ɗauke Nafi'u aka kai shi sashen yara, inda likitoci huɗu ke jiran a koya musu. A makon ne kuma shugaban cibiyar, Farfesa Labaran Kafur, ya leƙo ɗakin har sau uku.

"Marka, bazara ta kusa. Majalisa za ta zauna ƙarshen wata, in ba a kai musu sakamako ba sai baɗi. Ke kin fi ni sanin mutum nawa kika rufe wa ido bara."

Ta sani. Abin da ya hana ta zama ke nan. Ta tuna matashin da ya rasu yana tambayar ko an kira mahaifiyarsa, ta tuna injinan wankin ƙoda da ba sa hutawa. Ma'aikatan gona kullum cikin tafiya suke, yau suna nan gobe sun koma ƙauye. Wa bai san haka ba? Ta zagaya teburin, ta tsaya, ta sake zagayawa. Kanumfarin bakinta ya ƙare ta tauna wani.

"Cike gurbin," ta ce.

"Wannan hanya tana ɗaukar cewa waɗanda ba su dawo ba kamar waɗanda suka dawo suke. Kin amince?"

"Na amince."

Ta ɗora yatsanta. Zobban nan suka cika ɗaya bayan ɗaya suka shige cikin sauran, har ba a iya bambanta su. Layi biyu suka bayyana a iska: jan ya gangara ƙasa, koren ya tsaya kusan a miƙe. Lambar dace ta fito ƙanƙanuwa. Marka ta zauna a kujera ta rufe fuska da tafin hannu tana cewa Alhamdu lillahi.

Majalisa ta amince ba musu. Aka kafa na'urorin raba Sanyaya a kowace ƙofar gona, kowane ma'aikaci ƙwaya ɗaya da safe. Birane bakwai suka aiko neman maganin. A titi mata kan tsayar da Marka su yi mata addu'a.

Ba a yi wata biyu ba sai ta ji a labarai cewa hukumar gonakin ta rage hutun tsakar rana daga awa huɗu zuwa awa ɗaya, tunda yanzu ma'aikata suna da kariya. Ta tafi ofishin Farfesa Labaran ba ta ko cire rigar aiki ba.

"Ni ban ce a ƙara musu lokaci a rana ba."

"Ke kin ba da lambobinki, su kuma sun yi nasu lissafin," ya ce yana zuba mata shayi. "Ki zauna mana. Ki huta, Marka, kin yi aikin da za a daɗe ana tunawa."

Ba ta zauna ba, kuma ba ta huta ba. In tana cin abinci sai ta ajiye cokali. In tana duba marar lafiya sai ta tsinci kanta tana ƙirga gadaje. Gadajen ba su ragu ba. Ta ce wa kanta zafin bana ne ya fi na bara. Ta ce ai magani ba ya nuna kansa a wata biyu. Duk da haka ƙafarta ba ta daina kai ta ɗakin Ma'auni ba, ko da yake ba ta da sauran aiki a can.

Wata safiya ta ce masa, "Darasin nan da ban yi ba, na waɗanda suka ɓace. Koya min."

Ma'auni ya koya mata, da misalai, ba gaggawa. Da ya zo ƙarshe ya ce, "Abu na farko da ake yi kafin a cike gurbi shi ne a duba daga wane rukuni mutanen suka ɓace."

"Ban duba ba."

"Ba ki tambaya ba."

"To na tambaya yanzu. Fito min da su, da launinsu."

Zobba ɗari da tamanin da shida suka ware gefe. Jajaye arba'in da biyar. Sauran duk kore ne, ɗari da arba'in da ɗaya.

Ta daɗe tana kallonsu. In tafiya ƙauye ce, me zai sa masu shan maganinta su fi tafiya har ninki uku? "A ina ake yin awon nan?"

"A ƙofar gona. Na'urar da ke karanta katin shiga ita ke ɗaukar ɗigon jini."

Ita da kanta ta zaɓi wannan tsari, don kada ma'aikata su sha wahalar zuwa asibiti. Sai yanzu ta ga ɗaya fuskar: wanda bai zo aiki ba, ba a auna shi. Ta miƙa yatsa biyu ta kamo zobe ɗaya, wanda hannunta ya faɗa a kai. Ilu Maiwaya, shekara talatin da takwas, Unguwar Bakin Rumfa. Ma'auni ya nuna awon da ya ƙiyasta masa na wata na tara: ƙoda lafiya lau, har ta fi ta watan farko.

Ta hau jirgin igiya mai zuwa gefen birni. Tun daga tasha ta uku sanyin ya fara raguwa. A Bakin Rumfa rufin ya yi siriri, rana na ratsowa, gidajen ma'aikata a jere kamar akwatuna. Da tambaya ta kai ƙofar gidan. Wata mata mai kimanin shekara talatin ta fito da tsintsiya a hannu, ta amsa sallama, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

"Sunana Dakta Marka, daga asibiti. Malam Ilu nake nema."

Matar, Hansai, ta dube ta da mamaki. "Ai Hajiya, maigidan ya rasu tun kafin azumi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa."

"Amin, na gode."

Marka ta yi lissafi a zuci. Kafin azumi, wato wata na shida na binciken. Wata uku mutumin yana cikin kabari, ita kuma ta ba shi sabuwar ƙoda a iska.

"Yaya abin ya faru, in ba za ki damu ba?"

Hansai ta ajiye tsintsiyar ta zauna. "Wallahi shi dai yana yabon ƙwayar nan da ake ba su. Ya ce tunda ya fara sha ba ya jin zafi, ba ya jin ƙishi. Da can yakan shanye jarka guda kafin azahar. Sai ya koma dawo min da ruwansa rabi. In na yi magana ya ce, ke Hansai, jikina kamar na ɗan shekara ashirin. Har hutun rana ba ya yi, yana karɓar aikin wasu. Sai ƙafa ta fara kumbura. Wata rana ya je ƙofa ta ƙi buɗe masa, wai ba shi da ƙarfin aiki."

"Ba ku kawo shi wurinmu ba?"

"Katin asibitin ai a jikin katin aikin yake, Hajiya. In wannan ya mutu, wancan ma ya mutu. Ƙaramin asibitin unguwa muka kai shi." Ta nuna gidan da ke gefe. "Maƙwabcinmu ma haka ya yi, amma shi yana nan kwance. Ko za ki duba shi?"

Marka ta duba shi. Ta duba wasu biyu a layin baya. Duk labarin ɗaya ne. Sanyaya ba ta kare ƙoda ba. Ta kashe ƙishirwa ne da jin zafi, abubuwan da ke sa mutum ya ajiye aiki ya nemi inuwa. Masu ƙarfin jiki sun jure, suka kai wata na tara, aka auna su. Waɗanda suka faɗi, ƙofa ta rufe a kansu.

Daga cikin jirgin igiya ta kira Nafi'u. Ya same ta a ɗakin Ma'auni tana safa da marwa, mayafinta ya zame ba ta sani ba.

"Laifina ne da ban tsaya mun gama darasin ba," ya ce.

"Ka gaya min. Ma'auni ma ya gaya min. Yatsana ne a wurin, ba naka ba. Zauna mu yi aiki."

Suka tara ɗaliban jinya suka bi gida-gida. Kafin wata ya ƙare sun gano yawancin mutanen: wasu sun koma ƙauye da gaske, amma da yawa suna kwance, talatin da ɗaya kuma sun rasu, kusan duka daga rukunin kore. Marka da hannunta ta cire awon ƙiyasi ta sa na gaskiya. Wannan karon ba ta bukaci a nuna mata inda za ta taɓa ba. Koren layin ya karye ya faɗo, ya ratsa jan, ya wuce shi ƙasa.

A gaban Majalisar Lafiya ta yi bayani tsaye, ba ta ɓoye komai ba. Ta roƙi abu biyu: a dakatar da Sanyaya yau, a mayar da hutun tsakar rana.

Na farkon sun ba ta, bayan doguwar muhawara. Aka rufe na'urorin rabo, aka aika wa birane bakwai ɗin saƙo. Na biyun kuwa, wakilin hukumar gonaki ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Dakta, da ƙarin wutar da muka samu aka faɗaɗa Rumfa zuwa gabas. Iyali dubu tara sun riga sun tare a sabuwar unguwar, da jarirai da tsofaffi. In muka mayar da hutun, wa za mu kashe wa sanyi? Ki zaɓa mana."

Aka kafa kwamiti.

Abin da bai zo mata a rai ba shi ne ma'aikatan kansu. Aikin tsakar rana ba ya yiwuwa da jiki tsura, kuma wanda ya kasa, ƙofa ba ta buɗe masa. Kafin mako ya zagayo ana sayar da Sanyaya a bayan tashar Bakin Rumfa, cikin ƙullin leda, wadda aka shigo da ita daga biranen da ba su daina haɗa ta ba. Marka ta yi magana a rediyo, ta je ƙofofin gona da kanta tana kiran mutane su zubar. Suka saurare ta da ladabi, suka ce Allah ya saka da alheri, suka shiga aiki.

An cire ta daga bincike, aka mayar da ita sashen ƙoda, inda aka jera ƙarin gadaje har a baranda. Wata ranar Laraba da hantsi aka shigo da wani ƙato mai suna Bawa, fuskarsa a kumbure har idanun sun shige. Tana neman jijiya a hannunsa ya karanta sunan da ke ƙirjin rigarta, sai fuskarsa ta saki.

"Ke ce Dakta Marka? Mai Sanyaya?"

"Ni ce."

"Allahu akbar. Yau na ga ki da idona." Ya yi ƙoƙarin tashi zaune, ta danne kafaɗarsa. "Likita, wallahi ban taɓa fashi ba. Ko da aka rufe na'urar, da kuɗina nake saye. Ranar da zafi ya yi yawa ma biyu nake sha. To me na yi ba daidai ba?"

Marka ta riƙe allurar, ta dube shi.

"Ba ka yi komai ba, Malam Bawa," ta ce. "Miƙo hannun."

Ta sa allurar, injin wankin ya fara juyawa. A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinya tana yi mata alama da hannu: an kawo wasu biyu, kuma babu gado.